Kaset ɗin Juyowa Gida

Gagarawa Tasha,
cikin watan Rajab.

Assalamu alaikum, Saja Habibullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Zinariya da yara. Ni ce Tayyiba ta Gagarawa, jikar ƙanen kakarka, kada ka ga rubutu ka rasa mai shi, don rabona da wasiƙa tun ina firamare. Mu nan lafiya lau, sai ciwon ƙafa da ya sa ni gaba saboda zama wuri ɗaya. Na samu ta'aziyyarka ta waya, na kuma ga shinkafa da sabulun da ka aiko. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Abin da ya sa na rubuto, magana ce da ba zan iya yin ta a waya ba. Tunda na shiga takaba ba a bar ni ni kaɗai ba. Goggo, ƙanwar mahaifin marigayi wadda ta raine shi, ta taso daga Sule Tankarkar ta tare a ɗakina, kuma kunnenta ya fi idonta lafiya.

Bayan sadakar bakwai, Ilu abokin aikinsa, wanda aka ba motar shanun yanzu, ya kawo kayan da marigayi ya bari a gaban mota. Bargo ne da buta da carbi, sai kaset guda ɗaya. Ka san motar tsohuwa ce, har yau kaset take ci. Ilu ya tsaya daga zaure ya ce wa Goggo, "Wannan ku adana shi da kyau. In ya ɗauko shanu daga Maigatari za shi Legas ba ya taɓa shi. Amma da ya sauke ya juyo gida, shi yake sawa." Ina daga ɗaki ina ji. Na ɗauka wa'azi ne ko karatu.

Da na sa shi a rediyonmu, Saja, goge ne. Ba ganga, ba kalangu, ba mai waƙa. Kuma ba irin gogenmu ba ne. Kuka yake yi. Yana jan murya yana gangarawa, muryar tana rawa, kamar tsohuwar da aka tare da labarin mutuwa tana dawowa daga rijiya. Akwai rubutu da biro a jikinsa. Mijin maƙwabciyata ɗan Damagaram ne, ya duba ya ce Faransanci ne, wai "goge shi kaɗai", ba komai bayan haka.

Goggo ta zabura ta ce, "Innalillahi! Goge a motar ɗana? Kashe, kashe, kada ki tara mana mutanen ɓoye a gidan makoki!" Ban kashe ba. Ta saurara, can sai ta ce, "Wannan ba na bori ba ne. Kukan rashin ɗa ne. Yaron nan ya haɗiye abu ya tafi da shi." Ba don ta ɓata mini rai ta faɗa ba, ita ma hawaye take yi.

Ka san 'ya'yanmu biyu ba su zauna ba, ba a kuma ba mu wasu ba. Shekara ashirin da ɗoriya bai taɓa canza mini fuska a kan haka ba. In na tayar da maganar sai ya ce, "Ke, kawo tuwo." Da dariya yake shigowa gida kullum. To amma mutumin da in ya juyo wajen matarsa sai ya kunna kuka a mota tun daga Legas, wace irin dariya ce yake shigowa da ita? Wannan tambayar ce ta hana ni sakat.

Kai kaɗai ne a danginmu ka san kiɗa a takarda. Da muna yi maka tsiyar taubasai, muna cewa an tura ka soja ka ɓuge da badujala, wasu na harbi kai kana busa. Yau ga ranarka. Na kara wayata a bakin rediyon na ɗauka, na cire memorin na naɗe shi a cikin takardar nan. Kaset ɗin kansa ba zan iya aikowa ba. Ka saurara ka gaya mini wane irin kiɗa ne, kuma don murna ake yin sa ko don makoki. Kada ka lallashe ni, lallashi ya ishe ni a nan.

Ilu ne zai kawo maka. Ka gaida Zinariya.

Taubashiyarka,
Tayyiba.

*

Bariki, Legas,
farkon Sha'aban.

Wa alaikumus salam, Tayyiba.

Saƙonki ya iso. Muna lafiya, sai ƙaramin da ya yi zazzaɓi, ya kuma warware. Allah ya ji ƙan Ubale, ya ba ki haƙuri. Ki riƙa ɗan takawa a tsakar gida saboda ƙafar.

Ina rubutu a gurguje, muna atisayen fareti kuma Ilu ya ce da la'asar zai tashi. Na saurari abin sau biyu. Ki sani ni mai busa ne, ba mai goge ba, amma ga abin da kunnena ya ba ni.

Gogen Turawa ne, mai tsirkiya huɗu, wanda ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa. Muryarsa ta yi kauri, wataƙila babban ne, don suna da ƙarami da babba. Salon tsoho ne ƙwarai, ya kai shekara ɗari uku. A zamanin ana tsara wa goge ɗaya kiɗan da za ki ji kamar mutum biyu ne suke zance, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa.

Mu abu biyu muke fara dubawa a kiɗa, takinsa da gidansa. Taki shi ne saurinsa. Wannan a hankali yake ƙwarai. Na gwada shi da ƙafa, bai ma kai macin da muke yi ba idan mun raka gawar soja. Gida kuwa shi ne inda sautin yake zaune, inda yake tashi yake komawa. Iri biyu ne, mai haske muna ce masa manjo, mai duhu muna ce masa maina. Wannan maina ne, babu shakka. Na laluba da abin busata in gane wane maina ne, sai na ji ya yi ƙasa, bai hau daidai kan ko ɗaya ba. Amma na san masu irin wannan tsohon kiɗan sukan sassauta tsirkiyarsu ƙasa da tamu, to ina jin dalilin ke nan.

Kin ce kada in lallashe ki. Kiɗa mai nauyin taki a gidan maina, a wajenmu na makoki ne. Da za a ba ni shi a takarda, a jana'iza zan busa shi.

Sauran magana sai na samu hutu na zo. Zinariya tana gaishe ki.

Naki,
Habibullah.

*

Gagarawa Tasha,
Sha'aban.

Salamu alaikum, Saja.

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara wa yaron lafiya. Ƙafa da sauƙi.

Na karanta, na gane. Na gode da ka faɗa mini yadda yake. Ashe Goggo ta riga ka ganewa, ita da ba ta san manjo da maina ba.

Tun ranar nake ta bin dawowarsa ɗaya bayan ɗaya a raina. Ranar da ya kawo mini atamfa, ranar da ya shigo da abarba a ka yana kwaikwayon masu talla. Yanzu duk wadda na ɗauko sai in ga ashe kafin ya sauko daga mota ya sha kukansa ya goge ido. Ni kuma ina ta zuba masa miya ina ba shi labarin awaki. Ban ga laifinsa ba, mutumin kirki ne, ya rufa mini asiri. Kaina nake jin haushi, da na zauna da mutum tsawon wannan lokaci ban san yana ciwo ba.

Goggo za ta koma Sule Tankarkar saboda azumi, 'yarta Ummukulsum ce za ta zo ta ƙarasa zama da ni. Na ba Goggo kaset ɗin. Ta ce za ta san inda za ta jefa shi, don bai kamata a samu goge a kayan mamaci ranar rabon gado ba, mutane bakinsu ba ya shiru. Ban hana ta ba.

Kada ka ƙara wahalar da kanka a kan maganar. Memorin ma ka goge abin da ke ciki ka ba yara.

Tayyiba.

*

Bariki, Legas,
cikin azumi.

Tayyiba, salamu alaikum. Ya ibada? Muna lafiya. Na kira wayarki ya fi a ƙirga, a kashe. Ki karanta wannan da kyau, sannan ki aika a tsayar da Goggo.

Na yi kuskure. Ban goge memorin ba. Wasiƙarki ta tsaya mini a rai, sai na kai wa Oga Nehemiya, shugaban badujalarmu, mutumin Filato. Shi yana goga irin wannan gogen a cocinsu, yana da nasa a gida. Ya sa a kunne, ko minti biyu bai yi ba ya cire ya ce, "Habibu, wa ya kashe wannan kiɗan?"

Na ce, "Oga, haka aka aiko shi."

Ya ce, "Kai da kunnenka? Shekara nawa kana cin albashin busa?" Ya ɗauko gogensa ya ja tsirkiyar da ta fi kauri. Ya ce, "Ka ji nan? Nan ne ƙasan gogen, babu inda za shi bayan nan. Naka ya wuce nan ya yi ƙasa." Na ce ko babban gogen ne. Ya ce in ji farkon kiɗan in ji ƙarshensa. Irin wannan kiɗa inda ya tashi nan yake komawa ya sauka. Wannan kuwa ya tashi a wani wuri, ya ƙare a ƙasa da shi, kamar mai saukowa daga tudu. Ya ce, "Babu mai gogen da yake haka. Ba mutum ne yake kuka ba, inji ne yake mutuwa. Tambayi 'yar'uwarka wane batir ta sa."

To ina tambayarki, Tayyiba. Sabon batir kika sa, ko irin wanda ake shanyawa a rana a kan katanga? Na san gidajenmu. Za ki ce ai rediyon yana magana garau. Haka ne, maganar rediyo ba ta cin wuta. Amma juya kaset aiki ne na ƙarfi. In batir ya yi sanyi sai zaren ya riƙa tafiya a hankali, taki ya yi nauyi, murya ta yi ƙasa tana rawa, kuma yana ci gaba yana ƙara mutuwa.

Oga ya sa shi a kwamfuta ya yi ta ƙara masa gudu har sautin ya koma mazauninsa. Ƙaramin gogen ne, mai siririyar murya. Gidansa B maina ne, an ɗan sassauta tsirkiyar irin ta mutanen da, wannan kam na faɗa daidai. Takinsa kuwa ya fi macinmu na sauri. Oga ya ce kiɗan rawa ne, irin wadda ake yi da ɗan tsalle. Na ce, "Rawa a gidan maina?" Ya ce, "Wa ya gaya maka maina kuka ne kawai? Ku sojoji komai sai kun raba shi biyu. Mutanen nan suna rawa a maina, suna zawarci a maina. Wannan kiɗan mutum ne mai hankali da yake cikin nishaɗi."

Ga abin da nake so ki riƙe. Rediyon mota daga inji yake shan wuta, ba ya sanyi. Abin da kika ji a ɗakinki, Ubale bai taɓa jin sa ba ko sau ɗaya.

Ban san abin da ke zuciyarsa ba, kuma tun farko bai kamata in yi magana kamar na sani ba. Na amsa miki a tsaye da takalmi a ƙafa, ki yafe ni. Ba zan aiko miki da gyararren ba, don na kwamfuta bai fita sosai ba. Ki sayi sabon batir ki ji ainihin kaset ɗin da kunnenki.

Habibullah.

*

Bariki, Legas,
bayan Sallah.

Tayyiba, barka da Sallah. Lafiya kuwa? Shiru ya yi yawa. Wayarki har yau a kashe, ta Ilu ba ta shiga. Ban sani ba ko takardata ta same ki, ko ta same ki kin yi fushi ne. In fushi ne na cancanta, amma ki aiko ko da layi ɗaya. In kuma ba ta iso ba, ga ta a taƙaice: kiɗan ba na makoki ba ne, batir ɗinki ne ya mutu. Kada a jefar da kaset. Na ba wani direban Gumel wannan, ya ce ya san gidanku.

Habibullah.

*

Gagarawa Tasha,
ƙarshen Shawwal.

Assalamu alaikum, Saja.

Ina gaisuwa, ina yi muku barka da Sallah ko da ta wuce. Ina lafiya, na yi wankan fita takaba, ƙafa ta saki tunda na fara fita. Ba fushi na yi ba. Wayar ce na kashe na jefa a kwalla, don na gaji da amsa "ya haƙuri". Takardarka ta azumi kuwa yawo ta yi. Motar Ilu ta lalace a Mokwa, ya ba wani, shi kuma ya wuce da ita har Damagaram a aljihu. Ita da ta bayan Sallah rana ɗaya suka shigo hannuna.

Amsar tambayarka, e, na kan katanga ne. Guda huɗu ne, tun na marigayi. Kullum da hantsi nake jera su a rana, da yamma in kwashe in ji labarai. Har cizon gindinsu na yi ranar da zan ɗaukar maka, don su ƙara ƙarfi. Ka gaya wa Oganka ya yi dariyarsa, na ba shi izini.

Washegari na sa rediyon a buhu na hau mota zuwa Gumel. A tasha na sayi sabbin batir, ban ko taya ba, na shiga ta Sule Tankarkar. Duk hanyar nan kaset ɗin nake tunani, don wata biyu ke nan da Goggo ta tafi da shi.

Na same ta tana tankaɗe. Bayan mun gaisa na ce, "Goggo, kaset ɗin nan na zo karɓa."

Ta ce, "Wane kaset? Na jefa shi a masai tun kafin azumi."

 Na ajiye buhun na zauna a kan turmi. Ta ci gaba da tankaɗenta, tana satar kallona. Can ta ce, "Ke da kika fita takaba jiya-jiya, abin da za ki fara nema goge ne? Ba miji ba?"

Na ce, "Goggo, kukan da muka ji ba nasa ba ne. Batir ne." Na karanta mata takardarka daga farko har ƙarshe. Da na zo wajen maina da manjo ta ce, "Wannan ɗan Hajara ne ko? Tun yana yaro surutu gare shi." Sai ta karkaɗe hannunta ta shiga ɗaki. Na ji ana jan adaka. Ta fito da shi a naɗe cikin wata 'yar hular jarirai ta saƙa, duk ta koɗe. Ta ce, "Hannunsa ya taɓa abu shekara da shekaru, ni ce zan jefa a masai? Ke ma dai da yarda." Hular tasa ce, ta ranar suna.

Muka shiga ɗaki muka saki labule saboda maƙwabta. Na zuba batir na danna.

Saja, ban san yadda zan gaya maka ba. Kamar an ɗauke tsohuwa an ajiye budurwa. Muryar siririya, tana gudu tana tsalle, ta hau ta sauko ta sake hawa. Mutum biyun da ka ce suna zance na ji su, amma ba jaje suke yi ba, musu suke irin na mutanen da suka saba. Duhun da ka faɗa yana nan, na ji shi, can a ƙasa. Sai dai bai hana shi tafiya ba.

Goggo ta ce, "An canza! Wannan ba shi ba ne." Na ce shi ne. Ta ce, "To wannan ai na 'yan duniya ne." Ba a jima ba na ga babban yatsan ƙafarta yana motsi. Ta ga na gani, ta ce, "A'uzubillahi," ta ja zani ta rufe ƙafar.

Ni kuwa wani abu ne ya kama ni. Farkon kiɗan yana da wani taki, gajeru biyu, dogo ɗaya, sannan uku a guje. Yana tafiya yana dawowa kansa. Da ya dawo na biyu sai na gane ashe na san shi. Ka san gidanmu a bakin titi yake. In marigayi ya dawo, sai ya wuce zuwa Maigatari ya ajiye mota tukuna kafin ya zo gida. To duk sanda ya zo wucewa ta ƙofarmu sai ya danna hon, gajeru biyu, dogo ɗaya, uku a guje. Duk unguwa an san shi. Yara su ce ga mijin Tayyiba, ni kuma in tashi in ɗora tukunya. A da can da batir ya ja shi ya miƙe, ban gane shi ba sam.

Na gaya wa Goggo. Ta ce, "Mayar da shi farko." Na mayar. Muka ji har ƙarshe, muka yi kukanmu, wannan karon mu ne muke yi, ba rediyo ba.

Ban ce bai yi baƙin cikin 'ya'yan ba. Ya yi, ni ma na yi, kuma da ya ce kawo tuwo na san abin da yake rufewa. Amma mai jin wannan kiɗan a hanya ba jan ƙafa yake ba, sauri yake ya iso. Wannan ya ishe ni.

Kaset yana wajena. Goggo ta ce in an tambaya ranar rabo za ta ce ita ta ba ni, mai magana ya zo ya same ta. Inda ya samo shi ban sani ba, Ilu ma bai sani ba, na kuma bar neman sani.

Ka yi wa Oga Nehemiya godiya, akwai kukar miya da daddawa a ƙullin nan, rabi nasa rabi na Zinariya. Kai ba ka da komai, tunda sai da aka kai ka wajen wani aka wanke maka kunne. Na yafe maka, taubashi.

Abu ɗaya ne yake ɗan ci na. Shekarun nan duk in ya shigo sai na ce masa, "Don Allah ka daina wannan hon ɗin, kana firgita mini awaki." Shi kuma sai ya yi dariya ya ce to. Bai taɓa dainawa ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Taubashiyarka,
Tayyiba.